Mota a Filin Shanyar Tarukawa

Tun da muka bar birninmu Asahikawa Yaya Fumiyo ba ta ce wa ɗanta uffan ba. Ni take yi wa magana in isar masa, alhali yana zaune a bayanmu gwiwarsa na tokarin kujerata.

"Tokie, gaya wa wancan ya rufe gilashi."

Kafin in buɗe baki Shuji ya rufe.

Ni ƙanwarta ce, kuma ni ce mai motar, shi ya sa aka sa ni a tsakiya. Tsohuwar mota ce da maigidana ya rasu ya bar mini, in ta ga hawa ta yi tari, in ta tsaya ta ɗiga baƙin mai. Shuji makanike ne, ya sha roƙona in bari ya duba ta, ni kuwa kullum sai in ce gobe.

Abin da ya fito da mu aure ne, ko in ce kashe aure. Shuji injinan jiragen kamun kifi yake gyarawa. Aikin ya kai shi wani ƙauye da ake kira Nitomari, can ƙurewar arewa inda titi ya ƙare, ya ga Chisato 'yar tsoho Genzo Tarukawa, shi ke nan, gangar jikinsa ce kawai ta dawo mana. Genzo ba shi da ɗa namiji, ita kaɗai gare shi. A gaɓar tekun nan kuwa kwale-kwale da wurin yankan kombu, ganyen tekun nan da muke haɗa romo da shi, duk sunan gida suke bi. Wanda zai auri Chisato sai ya shigo gidan, ya ajiye sunan ubansa ya ɗauki Tarukawa. Ba sabon abu ba ne, kowa ya san wanda ya yi. Amma Shuji shi kaɗai ne namiji a gidan ubansa Nonomura, uban kuma ya rasu.

Shuji ya ce ya yarda. Yaya ta kwanta ciwo.

Tsohon nan kuma bai sauƙaƙa ba. Ya ce ba zai karɓi yaron ba sai uwarsa ta tako da ƙafarta ta ce ta bayar da bakinta. In ba ta zo ba har aka gama yankan bana, zai ba gidan Hamaya amsa, maƙwabtansa, waɗanda ɗansu na uku Tetsuro ya daɗe yana zarya. Chisato kuwa ta ce ba ta auren Tetsuro, ba ta kuma barin ubanta shi kaɗai, in ya so ta tsufa a ɗakinta.

Da Yaya ta ce a kawo mota, Shuji har da hawayen murna. Sai da ta gama ɗaura ɗamarar kimononta, doguwar rigar gargajiya ta fita kunya, ta ce ai za ta je ne ta ce a'a ido da ido, a kashe maganar a binne.

Da muka kai bakin teku muka karya arewa, ruwa a hagunmu, dutse a damanmu. Ƙauyukan sai ƙara ƙanƙancewa suke. Gidaje 'yan tsiraru a laɓe bayan shingen katako, makaranta a kulle ciyawa ta cinye filinta, wata tsohuwa na shanya kifi a bakin titi ta bi mu da kallo har muka ɓace. Duk ƙauyen da muka wuce sai Yaya ta yi tsaki ta ce ko kantin magani babu. Ni dai teku ya yi mini kyau, amma na san inda ake shiru.

Da la'asar ta ce in tsaya. Na ɗauka amai ne zai zo mata. Ta fita ta tsaya a bakin ƙarfen titi iska na kaɗa ta, Shuji ya bi ta da mayafi.

A nan ta fara yi masa magana da bakinta.

"Shuji, me ubanka ya yi maka?"

"Mama..."

"Ka gaya mini. Mutumin nan ya tafi bai bar gona ba, bai bar kanti ba, sunansa kawai ya bar maka. Shi ne za ka tuɓe kamar rigar aro saboda 'ya mace? In na mutu wa zai kunna masa turare? Ko shi ke nan an shafe shi kamar ba a yi ba?"

Ya durƙusa a kan tsakuwa hawaye na bin fuskarsa. Ya ce da zuciyarsa a hannunsa take da ya murɗe ta ya huta, ya gwada, ya yi watanni bai taka arewa ba, abinci ya daina masa daɗi. Ya ce sunan ne zai sauya, jinin ubansa kuwa ba mai iya fitar masa da shi.

"Ki gan ta kawai, Mama. In kin gan ta kika ce a'a, na rantse miki zan shiga motar nan mu koma, ba za ki ƙara jin sunanta a bakina ba. Amma ki sani ɗan da za ki koma da shi ba shi ne wanda kika sani ba."

Yaya ta fashe da kuka, ni ma daga cikin mota ina sharɓar kuka. Kada ka ɗauka ta sauko. Da ta dawo ta zauna cewa ta yi in gaya wa wancan ya share fuskarsa, namiji da kuka a bakin titi.

Muka kwana a wani masauki na kan hanya, da sassafe muka ƙarasa Nitomari.

Muna shiga Shuji ya hango jar tuta a tashar jirage, ya zabura. Ya ce an ba da izinin yankan kombu yau, kwale-kwale sun fita tun asuba, yanzu ma suke dawowa, tsoho kuma kafaɗarsa ba lafiya. Ya nuna mana wani gida mai shuɗin rufi a kan tudu ya ce mu hau can mu jira, ya fice da gudu ko ƙofa bai rufe ba.

Muka hau. A gefen gidan ga wani fili shimfiɗe da tsakuwa, an baje an share, ko tsinke babu.

"Ba laifi," in ji Yaya, "sun dai san a tanadar wa baƙi wurin ajiye mota. Shiga tsakiya, Tokie."

Na shiga tsakiya na kashe.

Muna gyara kwalliya a madubi sai ga ƙaramar motar kaya ta hauro maƙare da ɗanyen kombu yana zubar da ruwa, mata na biye da ita. Motar ta ci birki. Wata gajeriyar mata mai ƙaton baki ta diro, ta dubi motata, ta ɗora hannu a ka.

Ashe filin shanya ne. Kombu a wuni ɗaya yake bushewa ko ya lalace, kuma a kan tsakuwar nan ake shimfiɗa shi, shi ya sa suke wanke ta suna tsince ta kamar farantin cin abinci. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Na ja motar da baya, sai ga tabon baƙin mai ya fi faifai, ga sawun taya na laka tun daga bakin fili.

Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Matar nan ita ce uwar Tetsuro, matar Hamaya. Tun da aka fara yankan bana take zuwa taya gidan Tarukawa shanya, wai maƙwabtaka, kowa kuwa ya san suruka take gwadawa. Da ta ji ko mu su wane ne sai fuskarta ta washe, abin nema ya samu. Tetsuro shi ne a sitiyari, ƙato mai faɗin ƙirji. Ya leƙo daidai lokacin da Shuji ya hauro yana haki.

"Makanike, ashe motar gidanku ce ke yoyo? Ka fara da ta gida mana."

Matan suka kwashe da dariya.

Shuji ya dubi tabon, ya dubi kayan da ke jira a mota, ya ce a fara shimfiɗawa daga can gefen da taya ba ta taɓa ba. Ya ɗauko bokiti ya durƙusa ya fara tsince tsakuwar da mai ya ɓata da hannunsa.

Sai ga wata doguwar yarinya cikin kayan roba na aiki, rana ta ƙona mata kumatu, ta ratso mutane. Ta tsaya gabanmu ta rusuna har ƙasa ta yi mana sannu da hanya, ta ce laifinsu ne da ba su kafa alama ba. Daga nan ta je ta durƙusa kusa da Shuji ta sa hannu cikin man. Ba sai an gaya mini ita ce Chisato ba.

Ina kusa, na ji abin da suka ce.

"Na ɓata komai, Chisato."

"Kai ka tuƙo?"

"A'a, amma nawa ne."

"To nawa ne ni ma. Miƙo bokitin."

Hawaye ya ɗigo mata a bayan hannu, ba ta share ba saboda man. Ta ce masa ƙasa-ƙasa ko uwarsa ta ce a'a ba za ta riƙe ta a zuci ba, ita ma da ɗanta ne ba za ta bayar da sauƙi ba. Na saci kallon Yaya, na ga ta ji.

Da matar Hamaya ta yi shiru a nan, mai yiwuwa da yanzu ɗanta ne a gidan. Amma wani bakin ba ya iya ganin nasara ya haƙura. Tana jan ganye tana shimfiɗawa tana magana da ƙarfi, wai da matan take. Ta ce ita ba ta ga laifin baiwar Allahn nan ba da ta hana ɗanta, uwa ita ta san abin da ta haifa. Yaron birni mai hannu kamar na jariri, sanyin farko zai kora shi gida yana kiran Mama. Ta ce su da suka san abin da suka goya ai da hannu biyu suka miƙa nasu.

Na san Yaya tun ina cikin zanen goyo. Ita za ta iya zagin ɗanta daga safe har yamma, amma wani ya taya ta, ranar zai gane kurensa.

Ta miƙo mini jakarta. Ta tuɓe takalmanta ta jera su a bakin fili, ta tattare hannun kimono ta soke a ɗamara, ta taka tsakuwa da farar safa.

"Baiwar Allah," ta ce wa matar Hamaya, murya a kwance, "ni ban ce ɗana ba zai iya ba. Cewa na yi ya fi ƙarfin a ba da shi. Wanda yake da guda uku a gida shi ke neman inda zai sauke ɗaya."

Dariyar ta koma ɗaya gefen. Tetsuro ya maida kansa cikin mota.

Yaya ta durƙusa tsakanin Shuji da Chisato ta fara tsinta. Matar da ko shara ba ta fitarwa sai da safar hannu. Ni ma ba shiri na bi sahu, tunda ni na yi aika-aikar. Muka kwashe tsakuwar da ta ɓaci, Chisato ta kawo sabuwa a baro muka cike, aka wanke sawun taya da ruwan teku. Kafin rana ta yi zafi an rufe filin kaf da kombu, baƙi sumul, layi bayan layi.

Duk abin nan wani tsoho na tsaye a bakin fili, hannu ɗaya a rataye a ƙirji. Da aka gama ya matso ya rusuna ya ce shi ne Genzo, in mun yarda mu shiga mu sha shayi. Yaran ya ce su tsaya waje.

Ɗakin na warin teku da turare. A kusurwa ga akwatin tunawa da mamata a buɗe, da hoton matarsa. Ya zuba mana shayi da hannunsa mai lafiyar. Yaya ba ta taɓa kofin ba, ta ce ita ba ta iya kwana-kwana ba, tambaya ɗaya ta kawo. Me ya sa ya ɗora mata wannan nauyi? Yaran ba ƙanana ba ne, hukuma ba ta neman izininta. Ko so yake ya ga ta wulaƙanta a gaban ƙauye?

Tsohon ya ajiye butar shayin.

"Ni ma ba Tarukawa aka haife ni ba," ya ce. "Shigowa na yi."

Muka dubi juna ni da Yaya.

Ya ce shi ɗan manoman shinkafa ne daga kudu, kamun kifi ya kawo shi yana saurayi, ya ga uwar Chisato. Tasa uwar ta ce in ya ajiye sunan ubansa kada ya ƙara taka mata gida. Ya ɗauka fushin uwa ne, zai huce. Ya yi aurensa. Duk shekara sai ya zaɓi kombun da ya fi kyau ya aika mata, duk shekara ya dawo masa ko igiyar ba a kwance ba. Ranar da ta rasu, sai da aka gama komai 'yan'uwansa suka sanar da shi.

"Matata ta riƙe ni da kyau, ban taɓa nadamar ta ba. Amma akwai wani wuri a nan," ya dafa ƙirjinsa, "da bai taɓa ɗumi ba. Ɗanku ina son sa, tun ranar da ya fara shigo mini gida. Don ina son sa ne ba zan bari ya sha abin da na sha ba. In ba ku bayar ba, ku tafi da abinku, gara 'yata ta yi kuka yanzu."

Yaya ta rufe fuska da hannun kimononta mai tabon mai. Ta yi kuka mai isarta. Ta ce ita ta zo ne da shirin faɗa da mai ƙwace, yanzu da wa za ta yi? Ta gaya masa gaskiyar abin da ke cin ta, cewa ba sanyi ba ne ba kuma nisa ba, mijinta ne take tsoron a manta.

Genzo ya tashi ya je gaban akwatin, ya matsar da hoton matarsa gefe a hankali, wuri ya samu.

Ya ce duk ranar da ta ga dama ta kawo na mijinta. Ya san masu cewa ba a haɗa gida biyu a akwati ɗaya, su yi ta faɗa. Muddin akwai mai kunna turare a gidan nan, biyu za a kunna.

Yaya ta share ido ta gyara zama, ta tambaye shi sunan gidansu na asali.

A hankali ya ce, "Inomata."

Ta dafa tabarma da hannu biyu ta sunkuyar da kai.

"To, ɗan gidan Inomata, ni Fumiyo matar Nonomura na ba ku Shuji. Ba don na rasa yadda zan yi ba, ba kuma don ba na so. Da bakina na bayar, da zuciya ɗaya."

Tsohon nan da ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, sai ga shi yana kuka kamar yaro. Ni kam ban san lokacin da na shanye shayina na shanye na Yaya ba.

Magana ta ja mu, da muka fito rana ta karkata, an fara kwashe shanya, ganyen ya bushe ƙarau. Shuji da Chisato na ɗauke da dami ɗaya, shi a kai ita a gindi. Suna ganinmu suka tsaya cak. Idanunmu duk sun kumbura, saboda haka suka ɗauka an gama, ta ƙare musu. Na ga Shuji ya sauke damin a hankali, ya dubi Chisato irin kallon da ake yi wa mai tafiya, ya juya ya nufi inda na ajiye mota don ya cika alkawarin da ya yi.

Matar Hamaya ta miƙe ta dafe ƙugu tana murmushi. Matan duk suka bar aiki.

Yaya ta bar shi sai da ya kama marfin mota. Wannan kam mugunta ce, na gaya mata daga baya.

Sannan ta ɗaga murya yadda duk filin zai ji.

"Kai, ɗan gidan Tarukawa."

Bai juyo ba, bai san da shi ake ba. Chisato ce ta fara ganewa, ta toshe baki da hannu biyu ta sulale ƙasa.

"Da kai nake, Shuji Tarukawa. Ina za ka, ga kayan gidanku a ƙasa?"

Ya juyo a hankali. Ya dubi uwarsa, ya dubi tsoho Genzo da ke bayanta yana gyaɗa kai. Sai ya taho da gudu ya zube a gabanta ya rungume ƙafafunta, ba abin da yake iya cewa sai Mama, Mama.

Ta dafa kansa, hawayenta na sauka a gashinsa, ta miƙa ɗaya hannun ta ɗago Chisato.

"Tashi, 'yata. Ni na fara kiran sa da shi, don kada wani ya ce a bayan idona aka yi."